Ziyarar Madina da agogon direba

Duk wanda ya biya kuɗin Umara ta hannun kamfanin jirgin yawo zai ga an saka masa ziyara cikin abubuwan da kuɗinsa ya saya, tare da biza da tikiti da masauki. Mu da muka tashi daga Unguwar Sarki, yawancinmu abokan sahu ne a Masallacin Sultan Bello, kuma tambayoyin da muka cika ejan da su ba su wuce biyu ba: nisan otal da Harami, da ko za a samu abincin gida. Maganar awa nawa ziyarar za ta ci, ko wa zai yi mana bayani, ba ta taso ba.

An ce bas za ta tashi ƙarfe bakwai na safe. Sai wajen takwas muka bar ƙofar otal, don wasu sun koma barci bayan Asuba, wata Hajiya kuma ta shiga shago neman silifa. Irin wannan jinkiri bashi ne, kuma a gaba ake biyansa. Direba yana da wata tawagar da ke jiransa, mu ma kowa so yake a dawo kafin Azahar kada jam'in Harami ya wuce shi. Saboda haka abin da aka ɓata a ƙofar otal, daga lokacin wuraren ziyara ake yanke shi.

Ƙuba muka fara zuwa, masallacin farko da aka gina a Musulunci. Hadisi ya zo cewa wanda ya yi alwala a gidansa, ya je ya yi salla a cikinsa, yana da lada kamar na Umara. Da yawa cikinmu a cikin mota suka fara jin wannan, bayan sun fito ba alwala, sai suka ƙare a layin famfo. Waɗanda suka samu raka'a biyu, suna sallamewa aka fara danna oda.

Uhudu ne ya fi ba ni takaici. A nan aka gwabza a watan Shawwal na shekara ta 3 bayan Hijira, a nan Sayyidina Hamza da Mus'ab bin Umair suke kwance tare da sauran shahidai, su kusan 70. Gefen maƙabartar akwai ɗan tudun da Annabi (SAW) ya ajiye maharba 50 a ƙarƙashin Abdullahi bin Jubair, ya ce kada su sauka ko me suka gani. Tun muna makarantar Islamiyya muke jin labarin, amma sai mutum ya taka tudun nan ya waiwaya zai gane yadda saukar mutum 'yan kaɗan ta buɗe wa dawakin Khalid bin Walid hanyar zagayowa ta baya. Tudun bai kai yadda nake zato ba, dattijo ma yana hawansa in ya bi a hankali. Ina rabin hawa na ji ana "Yalla, Haji, yalla!" Wani dattijon unguwarmu yana tsaye jikin shingen shahidai, hannuwa a sama, hawaye na bin gemunsa, jagoranmu ya dafa shi ya ce, "Baba, a yi haƙuri, mota za ta tashi." Baba bai ce komai ba, ya shafa ya biyo mu.

Masallacin Ƙiblataini mun ɗan leƙa. Wurin da aka yi yaƙin Khandaƙ a shekara ta 5 kuwa, ta tagar mota aka nuna mana shi da yatsa.

Inda ba a yi mana gaggawa ba shi ne gonar dabino. A can aka kashe mota, aka kawo gahawa, aka ce kowa ya ɗanɗana. Mun fi daɗewa gaban kwalayen ajwa a kan zamanmu a Ƙuba da Uhudu in an haɗa. Da na ga mai wurin ya ja direba gefe, ban nemi ƙarin bayani ba. Ba na ganin laifin mai neman halaliyarsa, kuma tsaraba dole ce, wa zai koma Kaduna hannu rabbana? Sai dai daga baya na tarar da irin dabinon a kasuwa cikin gari, kuɗinsa bai kai haka ba.

Duk da wannan, ba zan ce wa kowa ya ƙi shiga motar ba. Ga tsohuwar da ba ta jin Larabci, ba ta taɓa fita ƙasar waje ba, motar nan rahama ce: a ƙirga ta a shiga, a ƙirga ta a fita, a dawo da ita ƙofar ɗakinta. Ga sabon zuwa kuma, a safiya ɗaya ya san gabas da yammacin Madina. Kuma in aka dace da malami mai sanin tarihi a gaban mota, ko ta taga aka hango wuri sai an ƙaru. Wata tawagar 'yan Zariya da muka haɗu da su a Uhudu, malaminsu ya zaunar da su a ƙasa yana zana musu sahun yaƙin da sanda. Namu jagoran ƙirga kawuna kawai ya iya.

Wannan ciniki ba a Madina kaɗai ake yinsa ba. Manyan jiragen ruwa na yawon shaƙatawa, irin masu zagaya Bahar Rum, da waɗanda yanzu ke tashi daga Jidda su bi Bahar Maliya, in sun tsaya a wata tasha sukan sayar wa fasinja fita ta rukuni cikin gari. Wanda ya bi motar kamfani, ko an makara jirgi zai jira shi. Wanda ya fita don kansa, in ya wuce lokaci sai dai ya hango jirgi a tsakiyar teku. Su suna da dalilin manne wa rukuni. Alhajin da ke Madina babu jirgin da zai tafi ya bar shi, in ban da ranar da za a wuce Makka. Me zai hana shi komawa wuraren ziyarar?

Mun koma, mu 'yan ƙalilan. Ranar Asabar muka yi alwala a masauki muka taka zuwa Ƙuba da ƙafa, domin ya tabbata Annabi (SAW) yakan je can duk Asabar, wani lokaci a ƙasa wani lokaci a kan abin hawa. Tafiyar kamar kilomita 3 ce daga Harami, a kan hanyar da aka keɓe wa masu tafiya a ƙasa, da wuraren zama ga wanda ya gaji. Uhudu kuma tasi muka ɗauka bayan La'asar, muka gama ciniki kafin mu shiga, kowa da katin otal a aljihu. Baba ya zauna ya gama addu'arsa, ba wanda ya taɓa kafaɗarsa.

A Makka da aka sake kiran ziyara, na shiga da sanin abin da zan samu: a hango Jabalu Saur, a ɗan tsaya Arfa, a ratsa Muzdalifa da Mina, a nuna maka Jabalun Nur daga ƙasa. Mai son ganin kogon Hira sai ya ware masa lokacinsa daban, da ƙarfin gwiwa, don hawan ba na wasa ba ne.

Maniyyaci, kafin ka biya kuɗi ka tambayi ejan ko akwai malami a motar ziyara, da minti nawa ake tsayawa a Uhudu. Ka kuma ware riyal kaɗan na tasi cikin guzurinka, kada tsaraba ta cinye su.