Kaset ɗin da ba a rubuta suna a jikinsa ba

Makon jiya muna gyaran ɗakin marigayi Baba, sai na ci karo da adaka cike da kaset. Ga na Shata, ga na Ɗanƙwairo, ga tafsirin Malam Abubakar Gumi na Masallacin Sultan Bello. Can ƙasa kuma akwai wani C60, wato mai minti 60, da babu rubutu a jikinsa.

Samun rikoda mai aiki ya fi komai wuya. Da ƙyar wani dattijo mai gyaran rediyo ya zaƙulo mini ɗaya, ya canza mata bel, ya goge kanta da auduga da sifirit. Ya gargaɗe ni cewa zaren da ya daɗe a ajiye, a fara tura shi gaba har ƙarshe, a dawo da shi, kafin a kunna, don kada rikoda ta cinye shi.

Na haɗa waya daga ramin sauraro na rikodar zuwa kwamfuta, na buɗe Audacity, manhaja ce ta kyauta. Da farko na cika ƙara, sautin ya fashe, dole na rage na sake. Aikin ba ya son gaggawa: kaset na minti 60, minti 60 za ka zauna. Na ajiye asalin a WAV, na fitar da MP3 saboda WhatsApp.

Da na kunna marar sunan nan, ashe muryar kakarmu ce. Saƙo ta naɗa wa Baba lokacin da yake ci-rani, irin wanda ake ba matafiyi ya kai. Tana gaishe shi, tana faɗa masa gero ya yi kyau, tana jan kunnensa kan salla. A bayanta ana daka, zakara yana cara. Ban riske ta da rai ba, ko hotonta ba mu da shi.

Shata ya rasu a 1999, amma waƙoƙinsa na nan a YouTube da wayoyin mutane. Wannan murya kuwa a zare ɗaya tak take, ga zafi, ga ƙura, ga laimar damina suna cin sa. Don Allah, mai irin wannan a gida ya fara da shi, na mawaƙa su biyo baya.

Daren nan na tura muryar a zauren danginmu na WhatsApp. Bayan sallar asuba Gwaggo ta kira ni. Ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta tambaye ni ko akwai wani abu a ɗaya gefen.