Daɗin Tuƙi a Ƙauyukan Ingila

Direban da ya san daɗin mota, idan ya wuce birnin Okusfod, yakan saki babbar hanya ya ratsa tuddan Kotswold, inda siririyar kwalta ke murɗawa tsakanin katangun dutse da garkunan tumaki. A hagu ake tuƙi, kamar Nijeriya kafin 1972. Doka ta yarda da mil 60 cikin sa'a, amma kwana ba ta yarda ba. Gwani yakan sassauta, ya sauya giya, sa'an nan ya taka mai a mafita. Nan daɗin yake. Bayan kwanar kuwa, wataƙila tarakta ce, ko yarinya bisa doki. Fiye da rabin waɗanda haɗarin hanya ke kashewa a Birtaniya, a hanyoyin karkara suke rasuwa.