Jan kofin da ya hana Inna barci

Yau labarin gidanmu zan ba ku, kuma sai da na nemi izinin Inna kafin in rubuta shi.

Ƙanena yana Italiya shekara huɗu ke nan, yana aiki a wani gidan abinci kusa da birnin Torino. Watan jiya ya turo hoto a gurup ɗin dangi na WhatsApp. Yana zaune da abokan aikinsa da yamma, gabansa kofin gilashi cike da wani jan ruwa, da ƙanƙara da yankin lemu a ciki. Kafin isha'i hoton ya zagaye dangi har Kanambakashe. Ina shiga gida daga radiyo na tarar da Inna zaune bisa tabarma, ko tuwo ba ta taɓa ba. Ta ce, "Yaron ga giya ya kama sha? Abin da nike tsoro ke nan tun ranar da ya shiga motar Agadas."

A gabanta na kira shi. Ya yi dariya har da tari, ya ce, "Yaya, wallahi ba giya ba ce." Ya ɗauko ƴar kwalbar ya kusanto da ita ga waya. Sunan abin Sanbittèr, kuma an rubuta a jiki cewa babu barasa a ciki. Ya ce ɗaci gare shi, kuma can in yamma ta yi, kafin abincin dare, mutane kan zauna su sha ɗan abu mai ɗaci, su ɗan taɓa zaitun ko gyaɗa, don yunwa ta taso. Suna kiran wannan zama aperitibo.

Nan na tuna malaminmu na Faransanci a lise, ranar da muka ci karo da wannan kalma a littafi. Ya ce asalinta Latin ne, daga kalmar da ke nufin buɗewa. Wato abin sha mai buɗe ciki. Ƴan Italiya sun daɗe da abinsu. A Torino aka fara sayar da bermut irin na yau a 1786. Campari ya fito a 1860, Aperol kuma a birnin Padova a 1919. Waɗannan duka giya ne, ba namu ba ne, shi ya sa aka yi irin su Sanbittèr da Crodino don wanda ba ya shan giya. Abu biyu suka tsaya mini a rai. Na farko, ɗacinsu daga itatuwa yake, ɓawon lemu da saiwoyi. Na biyu, ba a haɗawa da ka, sai da awo. Haɗin da suke kira Spritz awo uku ne na abu ɗaya, biyu na wani, ɗaya na ruwa mai gas.

Na ce to, mu da ke da bisap da tsamiya da citta, me zai hana? Gwajin farko dai kunya na sha. Na dafa ɓawon lemu har da farin cikinsa, ya daɗe bisa wuta, abin ya fito kamar jiƙon maɗaci. Maiɗakina ta kurɓa ta ce, "Wannan ai sai mai shawara." A karo na uku na dace, ga yadda nake yi yanzu.

A tafasa ruwa litar ɗaya, a sauke, a zuba busasshen zoɓo cikin hannu biyu, a rufe har ya huce, a tace. Kada a sa sukari. A wani kwano a jiƙa tsamiya da dakakkiyar citta da kanumfari ƙwaya uku. A fere bayan ɓawon lemun zaƙi kawai, ban da farin, a jefa cikin ruwan tsamiyar na kamar minti goma, a cire. Sai a ɗauko ƙaramin kofin shayi a yi awo da shi: uku na bisap, biyu na ruwan tsamiya, ɗaya na ruwa mai gas. In babu mai gas, ruwan randa mai sanyi ya isa. Sukari ƙwaya ɗaya, da ƙanƙara in an samu. A ajiye soyayyar gyaɗa ko aya ko gauta a gefe, a sha kafin a kawo tuwo.

Da na miƙa wa Inna, ta kurɓa, ta yi shiru, ta sake kurɓa. Ta ce, "Wannan shi ne abin Turawan? Ai haka uwata ka jiƙa muna tsamiya a randa lokacin bazara, wani bi da goriba." Inna ƴar Mayahi ce, a bakin Gulbin Kaba ta tashi, inda goriba ta yi yawa. Ta ce a zamaninsu sukari sai baƙo ko biki, don haka bakinsu ya saba da tsami da ɗaci. Daren nan ta cinye tuwonta tas, abin da ta daɗe ba ta yi ba.

Maganarta ce ta sa na zauna rubutun nan. Ku duba bisap da lemu-hari da ake ƙullawa a leda ana sayar wa yaranmu a ƙofar lakwal. Zaƙi ne zalla, wani har da garin kala na sashe. Yaro ya sha biyu kafin ya iso gida, a kawo abinci ya ce ya ƙoshi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da ake ƙarawa kada ya wuce kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin yini, wajen giram 50 ke nan ga babba, kuma in an tsaya a 25 ya fi. Ƙwayar sukari ɗaya ta kai kusan giram 5. Ku lissafa na shayin fada zagaye uku, ku haɗa da na koko da na bisap. Gida nawa ne yanzu a unguwarku babu mai ciwon suga ko hawan jini?

Na yi wa maƙwabciyarmu mai sayar da bisap wannan magana. Ta ce, "Malam, in na rage sukari, gobe yaran su koma wurin waccan. Da wannan dala biyar-biyar ɗin nike sayen cefane." Gaskiyarta. Ba za ta canja ba sai bakinmu ya canja, kuma baki a gida ake koya masa. Mun dai yi da ita za ta riƙa ƙulla goma marasa zaƙi kullum, ta ɗaure su da jan zare don a gane. Jiya ta ce bakwai sun tafi. Mai shan maganin hawan jini ko mai juna biyu, ya fara tambayar likita kafin ya mai da bisap abin kullum.

Ranar Juma'a na tura wa ƙanena hoton Inna riƙe da jan kofinta. Ya amsa da cewa yanzu shi ne zai kai ƙararta wurin dangi. In kun gwada, ku kira mu a shirin yamma ku faɗa mana yadda ya fito, musamman tsofaffin da suka san jiƙon da mu ba mu tarar ba. Allah ya ba mu lafiya.