Zanen bango a kan hula

A ƙauyukan Hausawa na kewayen Sinja, bakin Shuɗin Nilu, mun tarar da mata zaune kan angarib, gadon igiya na Sudan, suna saƙa hula da kwarashi. Saƙar na bin tsarin gadon: zare ya hau, zare ya sauka, ƙananan ramuka a jere kamar tagogin soro. Kakanninsu sun baro ƙasar Hausa, wasu kan hanyar Makka, wasu bayan yaƙin Burmi na 1903. Bango ba ya ɗaukuwa, sai zare ya riƙe musu zanensa. A 2024 yaƙi ya ci Sinja, aka sake barin gidaje. Iyaye, mu koya wa yaranmu sana'ar hannu, domin ita ke bin mai ita duk inda hijira ta kai shi. Allah Ya mayar da kowa gidansa lafiya, amin.