Gardamar Silima a Bakin Kwata

Duk wanda ya taɓa noman rani a ƙasar Kura ko Bunkure ya san abin da ake yi idan ruwa ya ƙi isowa gona. Ba zama ake yi ana zargin madatsar Tiga ba, wadda tun 1974 take shayar da mu. Mutum yakan saɓa fartanya ne ya bi kwata a ƙasa, yana tafe yana dubawa, har ya iske inda wani ya datse ta da laka ya karkatar da ruwan zuwa fangalinsa. To, irin wannan tafiya ce masu shirya silima na Amurka suka tsiro da ita, watau su ba da labari har ƙarshensa, sa'an nan bayan shekaru su komo su ce za su nuna mafarinsa.

A kan ɗaya daga cikin irin waɗannan finafinai muka raba dare muna gardama a hutun da ya wuce, mu huɗu, a gefen gonar alkamarmu, muna jiran layin ban ruwa ya zo kanmu. Da ni, da ƙanena, da wani abokina ɗan Bunkure wanda ya zo da kwamfutarsa, sai kawuna da ba ya jin Turanci, ƙanena ne tafintansa.

Fim ɗin shi ne The Phantom Menace, wanda George Lucas ya fitar a 1999. Mai karatu zai tuna Lucas ya riga ya yi Star Wars guda uku, a 1977 da 1980 da 1983, inda aka san Darth Vader, azzalumin nan mai baƙin kwalkwali da numfashi kamar zugazugi. Shekara 16 ya yi shiru, daidai da shekarun da mu ma muka yi ba mulkin farar hula, kafin ya dawo ya nuna mana Vader yana ɗan shekara 9, sunansa Anakin, bawa ne a wata duniya ta hamada mai suna Tatooine.

Abokina shi ya fara ɓarin wuta. Ya ce shi dai abu biyu ya gani na kirki, tseren kekunan nan masu tashi da yaron ya ci, da faɗan takobin haske da aka yi da Darth Maul mai jar fuska da ƙahoni. Sauran, in ji shi, surutu ne. Wa ya zo kallon yaƙin taurari don ya ji ana muhawara a kan harajin hanyoyin fatauci? Ga kuma Jar Jar Binks, wani dolo mai dogayen kunnuwa da aka sa don ban dariya, alhali kuwa ko yaro bai dara ba. A nan kam ban musa masa ba. Na ma ƙara masa da nawa: a finafinan farko, ƙarfin da mayaƙan Jedi suke aiki da shi abu ne na ɓoye, sai da tarbiyya da tsarkin zuciya, amma a wannan sai ga malami ya ɗibi jinin yaro ya aika a auna, wai akwai wasu ƙwayoyi a ciki da ke nuna yawan baiwarsa. Baiwa ta koma gwajin zazzaɓin cizon sauro ke nan!

Ƙanena kuwa ya ce sam, maganar harajin nan ita ce ma ya fi ganewa. Ƙungiyar 'yan kasuwa ta jera jirage ta tsare hanyar wata duniya mai suna Naboo, ba shiga ba fita. Ya ce, "Yaya, ka manta ƙarshen Fabrairun 2021, da fataken abinci da na shanu suka hana motoci sauka Kudu? Kwana nawa aka yi kafin kwandunan tumatir su fara ruwa a Kwanar Gafan?" Ya ce wanda bai taɓa ganin amfanin gonarsa yana ruɓewa a bakin titi ba, shi ne zai ce tsare hanya ba yaƙi ba ne. Ya kuma tuna mana cewa a ƙarshe ba wanda ya ci ribar rigimar sai Sanata Palpatine, mai murmushi da taushin murya, wanda ya zuga sarauniyarsa ta sa aka tsige shugaban majalisa, shi ya haye kujerar. Mu da muka ga na baya mun san shi ne zai zama sarkin zalunci. Na yarda wannan shi ne daɗin labarin da aka san ƙarshensa, kana kallon mutum yana gaisawa da kowa, kai kaɗai ka san wuƙar da ke cikin rigarsa.

Duk wannan Kawu bai ce uffan ba, yana ta gyara wutar kara. Can sai ya ce, "Ku tsaya. Uwar yaron fa?"

Na ce, "Kawu, ai an bar ta. Malamin ya yi caca da ubangidansu, ubangidan ya ce ba zai saka bayi biyu ba, sai aka 'yanta yaron kaɗai."

Ya ce, "Wannan na ji. Bayan sun ci yaƙi nake nufi. Ga sarauniya da gidan sarauta, ga malamai da majalisarsu, yaron nan shi ya tarwatsa musu jirgin abokan gaba, a rasa wanda zai koma ya fanshi mace ɗaya? Sa'an nan su zaunar da shi suna cewa sun ga tsoro a zuciyarsa. To, me za su gani?"

Ba wanda ya amsa. Mu duka mun san yana ɗan shekara kamar haka aka ɗora shi a mota zuwa karatun allo a gabas, kuma da ya dawo kabarin kakarmu aka nuna masa. Bai taɓa yi mana zancen ba, ranar ma bai yi ba.

Tun daga daren nan na sake ra'ayi a kan aibin fim ɗin. Da ina cewa Jar Jar ne da gwajin jini. Yanzu ina ganin Lucas ya bi kwata har ya zo daidai inda aka datse ruwa, ya tsaya 'yan mintoci yaro yana waiwayen uwarsa, sai ya tsallake ya tafi kallon wasan wuta. Da lokacin da ya ɓata a kan dolon nan ya ba wa wannan rabuwa, da ba a yi shekara 20 da ɗoriya ana jifansa ba. Abokina bai yarda ba, ya ce na bar dattijo ya saye ni, shi har gobe faɗan takobi ne fim ɗin.

Wajen ƙarfe biyu muka ji motsin ruwa a kwata. Muna miƙewa Kawu ya tambaye ni ko a fim na gaba an koma an ɗauko ta. Na ce a na 2002 an nuna wani manomi ne ya fanshe ta ya aure ta, irin manoman hamadar da ke tatsar ruwa daga iska, shi kuwa yaron bai komo ba sai bayan shekara 10, ya iske ta a hannun 'yan hari, ta cika a hannunsa.

Kawu ya ce, "Manomi ko?" Ya ɗauki fartanyarsa ya shiga fangali na farko, ya ce in haska masa tocila.