Kunun Mutanen Ailan a Gidanmu

Tun ina makarantar mishan nake jin wani Fada, mutumin Ailan, yana yabon kunun ƙasarsu, na wani hatsi wai shi ot. Da zan tafi hutu Mubi sai ya ba ni gwangwani guda. Na ce lalle in nuna wa mutanen gida karin kumallon masu ilmi.

Shi wannan iri ba a niƙa shi, ba a kuwa daddanne shi kamar Quaker Oats. Da wuƙaƙen ƙarfe ake yanka ƙwayar gida biyu ko uku. Ƙa'idarsa kofi 1 ga ruwa kofi 4, da ɗan gishiri, ya yi wajen minti 30 bisa wuta ana motsawa.

Ni kuwa ban tsaya tambaya ba. Da asuba, cikin sanyin hunturu, na hana Inna kusantar murhu. Bayan minti 5 na sauke. Ƙannena suka tauna, gurus-gurus, suka tofar. Kunya ta rufe ni.

Inna ta ɗebi ɗanyen a tafin hannu, ta duba, ta ce, "Malam, ashe tsaki ka ɗauko mana tun daga Turai? Ai tsaki sai ya kwana a ruwa."

Ta jiƙa sauran. Kashegari ta dafa shi sannu a hankali, ta zuba madarar shanu. Ya yi daɗi ƙwarai, amma Baba ya ce bai kai kunun gyaɗa ba.

To, bana za a ba ni ajin 'ya'yan manoma. Kafin in buɗe musu littafi, sai na tambaye su abin da iyayensu suka koya musu.