Na Hau Tudun Mulago, Inda A Ke Yaƙi Da Ciwon Daji

Jirginmu ya sauka a Entebbe da hantsi, a bakin babban tabkin nan na Biktoriya. Wanda ya baro ƙasarmu a ƙarshen watan Mayu, sa'ad da manoma su ke ta duban sama, abin da zai fara ba shi mamaki a Yuganda shi ne kore. Ko'ina ayaba, ko'ina ciyawa, ƙasa kuwa ja wur. Daga Entebbe zuwa Kampala kimanin kilomita 40 ne. Birnin a kan tuddai ya ke, kowane tudu da sunansa da abin da aka san shi da shi. A Namirembe akwai babbar majami'ar Angilikan, a Rubaga ta Katolika, a Makerere jami'a, a Mulago kuwa asibiti.

Abin da ya kai mu shi ne taron tunawa da shahidan Namugongo, samarin nan da Sarki Mwanga ya sa aka ƙone su ran 3 ga Yuni, 1886, saboda bangaskiyarsu. Wannan labari sai wani wata, in Ubangiji ya bar mu. Amma ni akwai wani wuri da na ƙudura a raina sai na gani, watau asibitin ciwon daji da ke Mulago. Dalilina kuwa shi ne yayata. Ta ji ƙullutu a nononta, ta ɓoye shi wajen shekara guda, gama an gaya mata, kamar yadda a kan gaya wa mutane da yawa a wurinmu, wai daji ba ya son allura, ba ya son ƙarfe, da an taɓa shi sai ya yaɗu. Aka yi ta shafe-shafe da jiƙe-jiƙe. Ran da muka kai ta asibiti ciwon ya riga ya fashe. Ba ta ga damina ta gaba ba.

Wata 'yar'uwa cikin Ubangiji, tsohuwar nas, wadda muka sauka a gidanta, ita ta raka ni. Muka hau babur, abin da mu ke kira acaɓa, su kuwa boda-boda, muka yi ta kutsawa tsakanin motoci har na sadaukar. Babban asibitin Mulago ya mamaye gefen tudun, na ciwon daji kuwa sai an ƙara hawa sama. Sunansa da Turanci Uganda Cancer Institute. Su a harshen Luganda kokolo su ke ce da ciwon, na lura kuma su kan sassauta murya in za su ambace shi, kamar mu.

Aikin asibiti a wannan birni da mishan ya soma. Wani likitan mishan Bature, Albert Cook, shi ya kafa asibitin Mengo a 1897, shi ne kuma ya fara aikin jinya a Mulago a 1913. Mutum ne mai rubuta kome da ya gani, har a cikin tsofaffin takardunsa an tarar da bayanin wani yaro mai kumburin muƙamuƙi. Amma an yi shekaru da yawa kafin wani ya tsaya ya tambayi ko mene ne wannan kumburi.

Wanda ya yi tambayar shi ne Likita Denis Burkitt, mutumin ƙasar Ailan, an haife shi a 1911. Yana da shekara 11 yara suna jifa da duwatsu, dutse ya same shi, ya rasa idonsa na dama. Ku dubi ikon Allah: mai ido ɗaya ne ya ga abin da masu ido biyu su ke wucewa. Shi ba ma'aikacin mishan ba ne, likitan fiɗa ne na gwamnati, amma mai bi ne na ƙwarai, bai kuwa taɓa ɓoye cewa bangaskiyarsa ce ta kawo shi Afirka ba. Ya zo Yuganda a 1946. A 1957 aka kira shi a Mulago ya duba wani ƙaramin yaro wanda muƙamuƙinsa ya kumbura sama da ƙasa, dama da hagu, haƙora suna girgiɗi. Ba a jima ba ya sake ganin wani yaro mai irin wannan a wani asibiti. Sai ya koma ya tone tsofaffin takardun marasa lafiya, a 1958 ya buga bayanin yara 38. Duniya ba ta ko waiwaye shi ba.

Bai yi fushi ba. Ya buga takardu masu hoton yaran, ya aika wa asibitocin gwamnati da na mishan ko'ina cikin Afirka, yana tambaya ko su ma suna ganin irin wannan. A watan Oktoba na 1961 ya ɗauki abokansa biyu, Likita Ted Williams na asibitin mishan na Kuluva da Likita Cliff Nelson mutumin Kanada, suka shiga wata tsohuwar mota ƙirar Ford, suka nufi kudu. Mako 10 suka yi a hanya, mil 10,000, asibitoci fiye da 50, har Johannesburg. A kowane wuri tambaya ɗaya ce: kuna ganin yara masu wannan kumburi? Suna ji suna sa alama a taswira. Da suka dawo sai taswirar ta yi magana. Inda ƙasa ta ke da zafi da laima ciwon yana da yawa, amma a kan duwatsu masu tsawo, inda sanyi ya ke, da wuya a gan shi. Daga baya ya zo Afirka ta Yamma, ya tarar ciwon ya fi yawa a kudancin Nijeriya mai ruwa, ya yi ƙaranci a wajen Kano inda ruwan sama ba shi da yawa. Kada fa wani ya ce ashe mu mun tsira. Asibitocin Zariya da Jos da Kano duk sun yi jinyar yara masu shi.

Me ke son zafi da ruwa, ya ƙi sanyi da fari? Sauro. A hankali aka gane cewa taswirar ciwon ta yi daidai da taswirar zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Sauran bayanin daga Ingila ya fito. Wani masani, Anthony Epstein, ya ji jawabin Burkitt a London a 1961, ya roƙa a riƙa aiko masa da yankin tsokar ciwon ta jirgin sama daga Kampala. Shekara 3 suna nema, a 1964 shi da Yvonne Barr da Bert Achong suka ga wata ƙwayar cuta a ciki, irin wadda a ke kira bairos. Ita ce ta fari da aka gane tana da hannu a ciwon daji na ɗan adam. Kusan kowane babba yana ɗauke da ita ba ta yi masa kome. Amma yaron da zazzaɓi ya yi ta kayarwa tun yana goye, jikinsa ya kan kasa tsare ta, a wurin waɗansu sai ciwon ya tashi. Ba maita, ba sammu, ba kishiya.

Abin da ya fi faranta mini rai shi ne maganin. Wannan ciwo, wanda yanzu a ke kira da sunan Burkitt, yana cikin masu saurin girma duka, cikin kwana ɗaya ko biyu ya kan ninka. Amma saurin nan nasa shi ne kasawarsa, gama magungunan daji sun fi kama abin da ke girma da gaggawa. A farkon shekarun 1960 Burkitt ya roƙi magani daga kamfanoni, ya fara ba yara. Waɗansu allura ɗaya ko biyu kawai, kumburin da ya rufe ido ya narke cikin 'yan makonni, yaro ya tashi yana wasa. A Nairobi Likita Peter Clifford yana irin wannan aiki, a Ibadan kuma Likita Victor Ngu, mutumin Kamaru. A 1972 aka ba Burkitt da Ngu da waɗansu babbar lambar yabo ta Lasker a Amurka. Ina tsaye a wurin ina tuna maganar nan tamu, wai daji ba ya son allura. Gaskiya ne, ba ya so, domin ita ce ke kashe shi.

Saboda waɗannan yara aka buɗe asibitin a 1967, da haɗin kan Jami'ar Makerere da gwamnatin Yuganda da hukumar binciken ciwon daji ta Amurka. Wani saurayin likita Ba'amurke, John Ziegler, shi ne shugaba na fari, tare da shi akwai Farfesa Sebastian Kyalwazi, likitan fiɗa ɗan ƙasa. A 1969 aka ƙara sashen manya. 'Yar'uwar da ta raka ni ta nuna mini tsofaffin ɗakunan, gajeru ne, in ba a faɗa maka ba sai ka ce makarantar firamare ce.

Sa'an nan wahala ta zo. Idi Amin ya ƙwace mulki a 1971, a 1972 ya kori Indiyawa, baƙin likitoci kuma suka watse. Aka bar asibitin a hannun wani saurayi ɗan ƙasa, Likita Charles Olweny. A zamanin da mutum ya kan fita da safe ba a sake ganinsa, zamanin da aka kashe Akbishop Janani Luwum a 1977, wannan likita ya riƙe ƙofa a buɗe wajen shekara 10, yana jinya yana kuma bincike. A ganina, in ana yabon Burkitt, ya kamata a ambaci Olweny kusa da shi. Bayan wannan sai ga ƙanjamau a shekarun 1980, ta cika gadaje da masu wani irin daji na fata da a ke kira Kaposi.

Yau wurin ya girma. A 2015 aka buɗe sabon bene tare da wata cibiya ta birnin Seattle a Amurka mai suna Fred Hutchinson, a ciki a ke duba masu zuwa su koma gida, akwai kuma ɗakunan awo. A 2016 majalisa ta yi doka asibitin ya tsaya da ƙafafunsa, ƙasashen Afirka ta Gabas kuma sun zaɓe shi ya zama wurin koyar da likitocin daji na yankin. Aikinsu hawa-hawa ne. Da fari a yanki 'yar tsoka a duba ta a madubin likita, domin ba kowane ƙullutu ne daji ba, daji kuma iri-iri ne, kowane da maganinsa. Daga nan wani a yi masa fiɗa, wani a ɗaura masa ruwan magani ta jijiya, wani a kai shi gashi, watau a sa shi ƙarƙashin wani inji mai ƙona ciwon da hasken da ido ba ya gani. Injin nan yana da labari. Guda ɗaya tak ƙasar ta ke da shi tun 1995, a 2016 ya lalace, sai mai hali ya tafi Nairobi, tafiyar fiye da kilomita 600. Sai a Janairu na 2018 aka kafa sabo, daga baya aka ƙaro waɗansu na zamani. Sun kuma fara kai aikin kusa da mutane, akwai reshe a Mbarara, akwai a Gulu can arewa.

Mutanen da na gani suna jiran layi ba 'yan Kampala kaɗai ba ne. Akwai na ƙauyuka masu nisa, akwai na Kwango da Sudan ta Kudu. Kowane da mai jinyarsa, da tabarma, da 'yar tukunya. Wata tsohuwa ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ni, ta ce da ni Ssebo, watau maigida, sai na ga kamar a gida na ke. Abokiyar tafiyata ta ce abin da ya fi ci wa ma'aikatan rai shi ne mafi yawan mutane sai ciwo ya yi nisa su ke zuwa. Kuɗin mota, nisan hanya, tsoro, da zagayen masu magani. Na ce mata ai kamar labarin gidanmu ta ke ba ni.

Ta lissafa mini abin da ta kan gaya wa matan ekklesiyarsu. Ƙullutu a nono ko da ba ya zafi. Jinin da ke zuwa wa mace ba lokacinsa ba, ko bayan ta daina al'ada. Gyambon da ya ƙi warkewa. Yaron da kumatunsa ko cikinsa ke kumbura da sauri, haƙora na girgiɗi, kada a tsaya ana cewa hangum ne. A Yuganda dajin bakin mahaifa shi ya fi kashe mata, alhali ana iya gane shi da ɗan awo tun bai zama kome ba. Akwai ma allurar rigakafinsa. Yuganda ta fara yi wa 'yan mata ko'ina a ƙasar a 2015, Nijeriya kuwa a Oktoba na 2023, ga masu shekara 9 zuwa 14.

Waɗanda ciwonsu ya wuce magani fa? Ba a sallame su haka kawai. Wata likita, Anne Merriman, wadda ta yi aikin mishan na Katolika a kudancin Nijeriya tun tana budurwa, ta kafa Hospice Africa a Kampala a 1993. Ita ta kawo dabarar dama maganin kashe zafi mai ƙarfi, mofin, a ruwa, a zuba a kwalba, mara lafiya ya riƙa sha a gidansa. Tun 2004 doka ta yarda nas da aka horar ta rubuta shi, ba sai likita ba. Ta rasu a 2025 tana da shekara 90. Da na ji wannan sai na tuna dararen da yayata ta yi tana cizon zane don kada 'ya'yanta su ji kukanta, na rasa abin faɗa.

Kafin mu sauko muka bi ta gefen sashen yara. Wani yaro, bai fi shekara 6 ba, kansa ba gashi ko ɗaya saboda magani, yana bin ƙwallon da aka ɗaure da leda. Uwarsa na zaune a kan tabarma tana ɓare ayabar da su ke turarawa su ci kamar tuwo. Ba mu jin harshen juna, sai ta nuna kumatunta, ta buɗe tafin hannu ta nuna mini girman da kumburin ya yi a da, sa'an nan ta nuna yaron. Na duba fuskarsa da kyau, ban iya gane ko wane gefe ne ba. Na roƙi 'yar'uwar ta tambaye ta ko za ta yarda mu yi addu'a tare. Ta gyara zama, ta kira yaron, ya zo yana haki da ƙwallonsa a hammata.